SUNA LINZAMI: TAƘADDAMAR RAƊA WA ABINCIN TSIRRAI SUNAN NAMA

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce suna linzami ne, wato da shi ake kamo hankalin mutum a juya shi inda ake so. Gaskiyar wannan magana ta bayyana a ƙasashen Turai, inda aka daɗe ana ja-in-ja a kan ko ya halatta a kira abincin da aka sarrafa daga waken suya ko alkama da sunan nama ko madara. Rigimar ta Turawa ce, amma akwai abin lura a cikinta ga ɗalibin harshe, domin tushenta tambaya ce guda: wane ne ke da ikon yanke ma'anar kalma, masu harshe ko kuwa majalisa da kotu?

Yadda Rigimar Ta Gudana

A shekarar 2017 Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a shari'ar kamfanin TofuTown na Jamus, cewa ba za a sayar da abin da aka yi da tsiro zalla da sunan madara ko cuku ko man shanu ba, ko da an bayyana asalinsa a jikin kwali. Da aka zo kan nama, sai Majalisar Turai ta ƙi amincewa da irin wannan hani a 2020. Faransa ta yi gaban kanta, ta kafa doka a 2022 da kuma 2024, amma Kotun Turai ta ƙi goyon bayanta, kuma a farkon 2025 babbar kotun harkokin mulki ta Faransar ta soke dokokin biyu. A watan Oktoba na 2025 kuwa Majalisar Turai ta sake shawara, ta goyi bayan hanin da ƙuri'a 355, masu adawa 247.

Hujjar makiyaya da mahauta ita ce, sunan nama gado ne da aka gina da gumin masu kiwo, don haka bai kamata wani ya ci kasuwa da shi ba. Kuma mai saye yana iya ruɗewa ya ɗauka amfanin abincin biyu ɗaya ne, alhali kuwa sinadarin bitamin B12, alal misali, a nama da nono da ƙwai ake samunsa. Masu sarrafa tsirrai kuma suka ce sunan yana nuna siffar abinci da yadda ake dafa shi ne kawai.

Shaidar Harshen Hausa

Duk wanda ya nazarci ilimin ma'ana ya san cewa harshe ba ya ƙirƙiro sabuwar kalma ga kowane baƙon abu. Abin da yakan yi shi ne ya ɗauki tsohuwar kalma ya faɗaɗa ta, sa'an nan ya ɗaura mata wata da za ta fayyace ta. Bahaushe ya san jirgi a kan ruwa. Da zamani ya zo sai ya ce jirgin ƙasa da jirgin sama, kuma ba a taɓa jin wanda ya je tashar jirgin ƙasa da filafili ba. Haka kalmar mai ta haɗa man shanu da man gyaɗa da man ja da man kaɗe, ɗaya daga dabba, uku daga tsiro. Daddawa ta kalwa ce, amma akwai ta batso da ta waken suya. Awara ma ana yi mata laƙabi da ƙwai da ƙwai, ga shi kuwa waken suya ce tsantsa. Misalin da ya fi kowanne shi ne naman kaza, wanda ke tsirowa da damina. Babu Bahaushen da ya taɓa kai ƙara wurin alƙali cewa bai tarar da ƙashi a cikinsa ba. Ashe kalma ta biyu ita ce ke ɗauke da amanar ma'ana. Matuƙar an ce madarar waken suya, an rubuta waken suyan da manyan baƙaƙe, to an sauke nauyi.

Inda Algus Yake

Yaudara tana faruwa ne a lokacin da aka ɓoye kalmar nan ta biyu. Kamfanonin Turai suna tsame man da ke cikin nonon shanu, su maye gurbinsa da tataccen man ja, su busar da shi ya zama gari, su turo Afirka ta Yamma da rahusa. A kasuwanninmu ana farke buhun, a auna da gwangwani, a ƙulla a leda ba rubutu ba bayani, kuma sunansa madara kurum. Uwa za ta saya wa yaronta tana zaton nono ne cikakke, ita kuma Bafulatana mai tallar kindirmo kasuwarta ta ja baya. Abin mamaki, nahiyar da ta hana a kira ruwan waken suya madara a gida, ita ce ke fitar da wannan gari zuwa waje.

Kammalawa

Kotu ba za ta iya ɗaure kalma ba, domin bakin jama'a ya fi ƙarfin takarda. Bature ya ci gaba da cewa madarar waken suya a gidansa duk da hukuncin 2017. Abin da hukuma za ta iya, kuma ya wajaba a kanta, shi ne ta tilasta a bayyana abin da ke cikin kowane abinci, da harshen da mai saye yake ji. A nan masana Hausa suke da aiki: su samar wa garin nan mai man ja sunan da zai bambanta shi da madarar shanu, su kuma matsa a riƙa rubuta bayanin kayan abinci da Hausa, da boko da ajami.