Da Kuɗina Ake Yi Mini Talla

Ranar Juma'ar da ta wuce na buɗe wani shafi a waya don in duba lokacin sallah a garin da na sauka. Ban kai ga ganin azahar ba sai ga wani ɗan ƙwallo ya cika mini fuskar waya yana washe baki, wai in zuba naira ɗari in kwashi miliyan. Caca a kan jadawalin sallah! Sai da na ƙirga daƙiƙa biyar kafin alamar rufewa ta leƙo a can lungu, ba ta fi ƙwayar gero ba. Na kai yatsa, ya goce, na tsinci kaina a wurin masu ba da bashi.

Ba ɗaukar alhakin nan ne ya fi ƙona mini rai ba. In gidan rediyo ya sa talla, aron kunne kawai na bayar. Nan kuwa kowane hoto mai tsalle, kowane bidiyon da ya kunna kansa ba sallama, da datar da na saya ake sauke shi. Tun da hukumar NCC ta amince a Janairun 2025 kamfanonin waya su ƙara kuɗi har kashi 50 cikin ɗari, kowa ya san zafin data. Mai talla ya biya, mai shafi ya karɓa, ni aka bari da kuɗin dako.

Shi mai shafin fili kawai yake bari. Kafin ƙiftawar ido an yi gwanjon filin, an shaida wa masu taya irin wayarka da yankin da kake, wanda ya fi tayi ya ɗauka. Da yake idon ɗan Najeriya arha ne a wannan kasuwa in aka gwada da na ɗan Amurka, sai mutanenmu su rama da yawa: talla a sama, talla a ƙasa, talla tsakanin aya da fassararta.

Ethan Zuckerman, wanda ya haɗa tallan nan mai faɗo wa mutum kwatsam tun yana aiki a kamfanin Tripod, ya fito a 2014 ya nemi gafarar jama'a. Namu masu shafukan ko gezau. Ka yi musu magana su ce, "Ai ba mu muke zaɓar tallan ba, kuma sai mun ci abinci." Wa ya hana ku ci? Biyan kuɗin ajiye shafi ba wasa ba ne, na sani. Amma kada a raina mana hankali. A cikin AdSense ɗin da wasunku suke amfani da shi akwai wurin toshe rukunin tallan da mutum ba ya so, har da na caca. Ko dai ba ku taɓa leƙa wurin ba, ko kun leƙa kun ga kuɗin zai ragu kun ja da baya.

Ni dai ranar, mai shayin bakin tasha na tambaya ƙarfe nawa ake tayar da Juma'a.