Sharhi: Bugu na biyu, ko yadda ɗan kasuwar iyaka ke sake faɗawa shanyewar ɓarin jiki

Duk mai cin kasuwannin bakin iyaka, daga Birnin Ƙonni da Illela zuwa Ɗan Isa da Jibiya, har Magarya da Maigatari, da wuya a ce bai san wani Alhaji da ya faɗi a rumfa ba, aka kwashe shi ranga-ranga, baki ya karkace, hannu da ƙafa sun saki. Da yawa Allah kan ba su sauƙi, bayan wata uku ko huɗu ka gan su sun dawo kasuwa suna dogara sanda. Sai a yi ta barka da arziki. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, wanda cutar ta taɓa bugewa ya fi kowa zama cikin haɗarin ta sake dawowa, musamman a watannin farko, kuma bugu na biyu ya kan fi na farko muni.

Ina da wani aboki mai fataucin wake da albasa. Bayan ya samu sauƙi ya sha maganinsa wata biyar babu fashi. Da jiki ya yi ƙarfi, sai ya ce da ni ya warke, me zai yi da ƙwayoyi kullum kamar mai ciwon ajali? Bai cika shekara ba ta sake kayar da shi, a kan hanya, cikin motar kaya. Yau ɗansa ke zama a rumfar.

A wurarenmu har yanzu akwai masu cewa shafar iska ce ko jifa. Likitoci kuwa sun ce al'amarin a ƙwaƙwalwa yake: ko dai wata jijiyar jini ta toshe, ko kuma ta fashe. Wani babban bincike mai suna SIREN da aka gudanar a asibitocin Nijeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, aka kuma wallafa a shekarar 2018, ya nuna cewa kusan kashi 90 cikin 100 na masu shanyewar jiki a yankin, hawan jini na da hannu a ciki. Bayansa akwai yawan maiƙo a cikin jini, wato kolestarol, da ciwon suga, da yawan cin nama, da ƙarancin ganye a abinci, da barbaɗa gishiri a kan abincin da aka riga aka dafa. Mutanen da aka bincika irinmu ne, abincinmu suke ci.

Hawan jini ba ya sallama. Mutum na iya ciniki yana raha alhali jininsa ya hau. Shi ya sa awo ne kaɗai shaida. A nan akwai wani ruɗani da ya shafi ƴan kasuwar iyaka: a asibitin Maradi za a ce maka tansiyonka 14/9, a Katsina kuma a rubuta 140/90. Duk abu ɗaya ne, sifili ne bambancin, kamar mai lissafi da sefa da mai lissafi da dala. Daga wannan adadi zuwa sama ake kiransa hawan jini. Ga wanda ya taɓa faɗuwa, likitoci sukan so a saukar da shi ƙasa da 13/8, wato 130/80.

Maganin hawan jini, irin su amlodipine, ba ya warkar da cutar, danne ta yake yi, ranar da aka daina sai ta ɗago. Haka ma maganin kolestarol da ake kira statin, wanda ke rage kitsen da ke taruwa a bangon jijiya kamar yadda datti ke cushe magudanar ruwa. Shi kolestarol ba a ganinsa da ido, siriri ma yana iya samunsa, sai an ɗebi jini an auna. Game da asfirin kuwa, a yi hattara. Yana taimakon wanda jijiyarsa ta toshe, amma yana iya cutar da wanda tasa fashewa ta yi. Kada wani ya sha don ya ga maƙwabcin rumfarsa na sha.

To, me ya sa ƴan kasuwa ke katse magani? A ganina, ba duka laifinsu ba ne. Bayan juyin mulkin 26 ga watan Yuli na 2023 a Nijar, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyakoki, magunguna suka yi ƙaranci a kantuna. Sai a watan Maris na 2024 aka sake buɗe iyakar Nijar da Nijeriya. A ɗaya ɓangaren kuma darajar naira ta faɗi a 2023 da 2024, farashin magani ya yi tashin gwauron zabo. Kafin nan ma an ga rufe iyakar da Nijeriya ta yi daga watan Agusta na 2019 har zuwa Disamba na 2020. Duk lokacin da aka yi irin wannan, ana lissafin asarar shinkafa da shanu da fetur. Ban taɓa jin wanda ya lissafa tsofaffin da maganinsu ya yanke ba.

Idan na kanti ya yi tsada, sai a koma wajen mai talla da tire a ka, maganin da ya wuni cikin rana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2017 cewa kusan 1 cikin 10 na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marasa inganci. Jabun maganin ciwon kai, da wuri za ka gane bai yi aiki ba. Jabun maganin hawan jini kuwa, sai ka faɗi za a sani. Ga kuma “maganin gajiya” da ake afawa bayan wunin kasuwa, irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda yawan shansu ke ƙara hawan jini.

Sai maganar ciki. Hukumar ta ce kada gishirin mutum ya wuce giram 5 a rana, abin da bai kai ƙaramin cokalin shayi ɗaya ba. Fatake kuwa a tasha suke ci: tsire da yaji, kilishi, shinkafa da miyar da aka zuba wa dunƙulen magi ba adadi, kuma shi dunƙulen nan mafi yawansa gishiri ne. Ba a ce a daina cin nama ba, a dai rage kitse, a ƙara zogale da rama da wake, mai shan taba ya bari. Zoɓo marar suga yana ɗan taimakawa, amma ba ya maye gurbin ƙwaya.

Ɗan kasuwa ya san hikimar ajiye kaya kafin su yanke. Ita ce ake bukata a nan: a sayi maganin wata biyu ko uku a kanti mai rajista, a riƙe takardar likita cikin jaka saboda jami'an duwan, a sa a rubuta ainihin sunan maganin da ƙarfinsa, domin sunan kamfani kan sauya daga wannan ƙasa zuwa waccan. Kafin azumi a nemi likita ya tsara lokacin sha tsakanin sahur da buɗa-baki. Su ma shugabannin kasuwanni, na'urar awon jini ba ta fi ƙarfin asusun ƙungiya ba, a ajiye ɗaya a ofis, a samu ma'aikacin lafiya ya riƙa zuwa ranar kasuwa.

In kuwa baki ya karkace, ko hannu ya yi nauyi, ko magana ta sarƙe, ko da na minti biyar ne ya wuce, a bar rumfar a hannun yaro, a nemi mota zuwa asibiti a wannan sa'ar.