Shawara amana ce: darasi daga madugun Fachi

A yau babu abin da ya kai tambaya araha. Mai shirin tafiya Agadas ya ɗauki waya ya tambayi jama'a motar da zai shiga. Mai shago ya tambayi manhajar da ta fi saurin tura kuɗi. Uwar adashe ta nemi a koya mata tsara jadawalin Excel don kada kuɗin mutane ya cuɗe mata. Kafin shayi ya tafasa, amsa goma ta iso. Wannan ni'ima ce, kuma ba na cikin masu kuka da ita, don tun tuni Hausawa suka ce matambayi ba ya ɓata. Damuwata tana wajen masu amsawa. Cikin amsoshin nan goma, nawa ne suka fito daga bakin wanda ya taɓa bin hanyar da ƙafarsa, ko ya taɓa riƙe kuɗin jama'a ya ji nauyinsu? Mun shiga zamanin da mutum zai ce “bi nan” da cikakken ƙarfin hali, in abu ya ɓaci kuma ko a jikinsa.

Wanda yake son ya ga nauyin wannan magana, ya dubi garin da shawara marar tushe take kisa kai tsaye. Fachi, wanda Barebarin cikinsa ke kira Agram, zango ne mai dabino da gishiri a tsakiyar hamadar Tenere, cikin gundumar Bilma ta jihar Agadas. Mutanensa kimanin 2,000 ne. Gero ba ya yi a can, duk abin da zai shiga turmi sai an ɗauko shi daga kudu. Shi ya sa har yau tsohuwar kagarar garin, wadda aka gina da ƙasa mai gishiri, take cike da rumbunan da kakanni suka riƙa ɓoye hatsi a ciki saboda mahara da yunwa. Kowace shekara wajen Oktoba da Nuwamba, idan zafi ya sassauta, ayarin Abzinawa kan taso daga duwatsun Abzin da gero, su ratsa rairayi zuwa Fachi da Bilma, su komo da dabino da kantun gishiri, sannan su gangara da shi kasuwannin Damagaram da Maraɗi har Kano. Tsakanin Agadas da Bilma akwai kimanin kilomita 600, kuma a mafi yawan wannan tazara babu inuwa, babu ciyawa, rijiyoyin kuwa ana ƙidaya su da yatsu.

Ayarin nan ba ya motsi sai da madugu, kamar yadda fataken goro na Kano ba sa kama hanyar Gwanja a da sai da nasu madugun da jagabansa. Madugu ne ke cewa yau za a tashi ko a ƙara kwana. Shi ke karanta rana da taurari da yadda iska ta kwantar da tuddan yashi. Shi ke lissafin damman ciyawar da kowane raƙumi zai ɗauka, da wurin da za a ajiye wasu don dawowa. Idan aka shiga Tenere sosai, tafiya ake yi tun safe har dare ya raba, a ci a sha a kan tafiya, domin kowace sa'a da aka ɓata ruwa ne ya ragu a salka. Mutanen da ba sa yarda wani ya taka su a kan komai, a nan sai ka ga sun yi shiru suna bin bayansa.

Me ya ba maganarsa wannan daraja? Abu uku na gani. Ya bi hanyar sau da yawa, tun yana yaro mai jan akala a bayan ubansa ko kawunsa. Kowa ya san sunansa da zuriyarsa, in ya ɓatar da mutane babu inda zai kai fuskarsa. Na uku, wanda ya fi duka, yana cikin ayarin. Idan ya kuskure rijiya, raƙumansa da 'ya'yansa da maƙogwaronsa suna cikin waɗanda za su fara biya. Duk shawarar da za ta fito daga bakinsa ta riga ta bi ta kan ransa. Da waɗannan ma'aunai uku ya kamata mu auna amsoshin da ke zubo mana a waya, mu kuma auna waɗanda mu kanmu muke turawa.

Yanzu motoci sun yawaita a hanyar, kuma direbobi da dama suna riƙe da na'urar GPS da wayar tauraron ɗan'adam. Alheri ne, ya ceci rayuka, kuma duk mai shiga sahara ya kamata ya tanade su. Amma a san iyakar na'ura. Za ta gaya maka inda kake da inda rijiya take. Ba za ta gaya maka ko yashi ya binne rijiyar a bana ba, ko guga zai taɓa ruwa, ko 'yan fashi sun yi sansani kusa da ita. Waɗannan labarai suna bakin wanda ya fito daga can makon jiya. Ko a ƙasashen da suka ci gaba, abin yakan ci amanarsu. A Disamba 2012 'yan sandan jihar Victoria a Ostareliya sun gargaɗi jama'a kan taswirar Apple, bayan da ta riƙa kai masu neman garin Mildura cikin wani daji marar ruwa, kimanin kilomita 70 daga garin. Kuma a wannan hanya tamu ta Fachi aka yi abin da ya kamata ya zame mana izina. Bishiyar Tenere, ƙayar da ta tsaya ita kaɗai shekaru aru-aru tana yi wa ayari alama, wadda babu madugun da ya taɓa yarda a karya reshenta don dafa shayi, mota ce ta buge ta a 1973. Gangar jikinta tana gidan tarihi na Yamai, an kafa ta ƙarfe a gurbinta. Inji yana ƙara wa mutum ƙarfi da sauri, hankali kuwa sai wanda ya zo da shi.

Mun ga abin da ke faruwa idan aka shiga sahara bisa maganar wanda ba madugu ba. A Oktoba 2013 an tsinci gawarwaki 92 a arewacin Arlit kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da ƙananan yara, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta gama da su. Ƙasa ta yi zaman makoki na kwana uku. A 2017 mutum 44 suka mutu haka nan tsakanin Agadas da Dirku. Talauci ne ya kore su daga gida, wannan gaskiya ne, kuma dokar 2015 da ta hana safarar baƙin haure, wadda aka soke a Nuwamba 2023, ta sa direbobi da yawa sun riƙa kauce wa sanannun rijiyoyi don gudun jami'ai. Duk da haka, ba na shakkar cewa kafin kowannensu ya hau mota akwai wanda ya ce masa “kada ka damu, kwana biyu ne kun isa.” Mai wannan magana yana gida yana shan ruwan randa.

Wannan darasi bai tsaya a rairayi ba. Turawan da ke zuwa duwatsun Alps don wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara su ma suna tambayar juna wane dutse ya fi daɗi, wane wata ya fi araha, wace manhaja ke nuna yanayi. Amma sun koyi bambanta hira da ilimi ta hanya mai zafi. A 1820 wata tawaga ta ci gaba da hawan dutsen Mont Blanc bayan sabuwar ƙanƙara ta zuba, ƙanƙarar ta zaftare ta kashe jagorori uku. Shekara guda bayan haka, a 1821, aka kafa ƙungiyar jagororin garin Chamonix, wanda yake cikin Faransa a yau, kuma tana nan har yau. Mai hankali a cikinsu yakan tambayi abokai masaukin da zai sauka, amma batun ko gangaren dutse zai riƙe shi, sai ya nemi jagoran da zai hau tare da shi.

Sai batun lissafi, wanda mutane ke ɗauka ba shi da hatsari. Magidanci a Fachi ya san lissafi rai ne: buhu nawa na gero zai kai iyali har ayari ya sake zuwa, kantu nawa zai bayar, dabino nawa zai riƙe. A yau matasanmu suna yin irin wannan a kwamfuta, kuma ina murna da hakan, don jadawali ba ya mantuwa kuma ba ya gajiya da tarawa. Sai dai abin da ka zuba masa shi zai mayar maka. A ɗauka mota ce da mutum 25, an ware wa kowa lita 4 a rana, tafiyar kwana 3. Jadawali zai ce lita 300, kuma bai yi ƙarya ba. Tambayar da ba zai taɓa yi ba ita ce wadda madugu zai fara da ita: in mota ta lalace aka yi kwana shida fa? Ko manyan hukumomi sun sha wannan. A Oktoba 2020 hukumar lafiya ta Ingila ta amsa cewa sakamakon mutum 15,841 da suka kamu da korona ya salwanta daga ƙidaya, saboda an yi amfani da tsohon tsarin fayil na Excel wanda layukansa ke da iyaka, abin da ya wuce iyakar kuma ya zube ba tare da kowa ya lura ba. Idan haka ta faru da masu ɗaruruwan ƙwararru, ina ga uwar adashen da wani ya tura wa jadawalin da shi kansa bai gwada ba? Kuɗin marayu da na zawarawa ne a ciki, kuma ranar kwasa ita za a kalla.

Addininmu bai bar wannan fage a buɗe ba. Lokacin Hijira a shekarar 622, Manzon Allah (SAW) da Sayyidina Abubakar sun ɗauki Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ ya yi musu jagora zuwa Madina, alhali a lokacin bai musulunta ba. An zaɓe shi ne don ya san hanya kuma amintacce ne. Wannan ya isa ya koya mana cewa ba a neman shawara wurin mutum don kawai ɗan'uwa ne, ko ɗan garinmu ne, ko ya iya magana. Ba a tambayar kaza hanyar rafi. A ɗaya ɓangaren kuma, an ruwaito cewa an yi wa Imam Malik, wanda mazhabarsa muke bi a wannan yanki, tambayoyi 48, ya ce bai sani ba a 32 daga ciki. Malamin Madina bai ji kunyar wannan kalma ba, amma mu da muka kalli bidiyon minti biyu muna jin ta fi ƙarfin bakinmu. Malamai sun karantar da mu cewa wanda aka nemi shawararsa an ba shi amana ne, kuma cin amana ba ƙaramin zunubi ba ne ko da da yatsa aka yi shi a kan gilashin waya.

Saboda haka ina kira ga mai tambaya ya raba tambayoyinsa gida biyu. Akwai waɗanda kuskurensu ba ya wuce ɓacin rai, kamar wace manhaja ta fi kyawun hoto ko ina ake sayar da tuwo mai daɗi a tasha. Waɗannan a tambayi kowa. Akwai kuma waɗanda kuskurensu ke cin rai ko dukiya ko mutunci: hanyar sahara, maganin yaro, inda za a zuba jari, lissafin kuɗin jama'a. A nan kada ka ji nauyin tambayar mai ba ka shawara: “Kai ka taɓa bi? Yaushe rabonka da can? Wa ya gaya maka?” Mai sani ba ya fushi da waɗannan tambayoyi, marar sani ne suke ɓata wa rai. Ka kuma faɗi halinka tsaf, nawa ne a aljihunka, su wa ke tare da kai, akwai tsoho ko mai ciki ko babu, domin shawarar da ta dace da saurayi shi kaɗai tana iya halaka mai iyali.

Kira na biyu ga mai amsawa ne, kuma ya fi na farko nauyi. Ka bambanta abin da idonka ya gani da abin da kunnenka ya ji, ka faɗa wa mai tambaya wanne ne. Ka faɗi lokacin, don rijiyar da ke da ruwa bara ba lallai tana da shi bana ba, manhajar da ta yi aiki a watan jiya kuma wataƙila an sauya ta. Idan kana da riba a ciki, ko motar ta ɗan'uwanka ce, ko ana ba ka lada kan kowane mutum da ka kawo, ka bayyana. Idan ba ka sani ba ka ce “ban sani ba, amma ga wane, je ka same shi.” Kafin ka tura amsa, ka tambayi zuciyarka ko za ka ɗora ɗanka a kan wannan hanya, ko za ka zuba kuɗin mahaifiyarka a wannan lissafi. In amsar a'a ce, ka riƙe yatsanka.

Akwai kuma haƙƙin da dattawan hanya ke da shi a kanmu. Masu sanin Tenere da ƙafa suna raguwa, kuma abin da ke kansu ba ya cikin kowace taswira. Matasan Agadas da Bilma da Fachi da suka iya kwamfuta su zauna gabansu da ladabi, su rubuta sunayen rijiyoyi da alamomin hanya da yadda ake lissafin guzuri, su haɗa da abin da na'ura ta iya. Tsoho da yaro ba kishiyoyi ba ne a wannan aiki, kowa yana riƙe da abin da ɗayan ke buƙata. Allah ya haɗa mu da masu gaya mana gaskiya, ya kuma tsare harsunanmu da yatsunmu daga ɓatar da bayinsa.