Yatsu uku sun ishi mai jita

A zangunanmu na Akara da Kumasi, jita ta daina zama baƙuwa. Yaro ya samu ta hannu ta biyu, ya buɗe waya, ya tarar da zane-zanen kod, wato sautuka uku ko huɗu da ake kaɗawa tare, sai ya duƙufa hadda. Bayan shekara guda ya iya kwantar da manuniya ya danne tsirkiya shida gaba ɗaya, yana ja daga wannan gaɓa zuwa waccan. A ɗaki abin da daɗi. Ranar da ya zauna cikin ƙungiya, ga mai fiyano ga mai bes, sai a ji kiɗan ya cushe, a ce ya rage sauti, mako mai zuwa kuma a kira wani. Mun ga haka ba sau ɗaya ba. A ganinmu laifin yana ga hanyar koyon, domin yaran sun haddace siffofi ba su san abin da ke cikinsu ba, kamar mai rera karatu bai san babbaƙu ba.

Abin da makaɗan jaz suka daɗe da ganewa shi ne kod ba dunƙulen dutse ba ne, muryoyi ne, kowace da inda ta fito da inda za ta. A ɗauki Cmaj7: sautukansa C, E, G da B. Idan C ce a ƙasa, yana zaune a kan tushensa. Idan aka sa E a ƙasa, an yi juyi na farko. G, na biyu. B, na uku. Sunan bai canja ba, amma launin ya canja, kuma hannu ya samu wurin sauka kusa da inda yake, ba sai ya yi tsalle zuwa ƙarshen wuyan jita ba. Cikin sautukan nan huɗu, biyu ne ke ɗauke da asirin kod: na uku, mai nuna ko fara'a ce ko damuwa, da na bakwai, mai nuna ko an iso gida ko da sauran tafiya. Na biyar ana iya barinsa, tushen ma mai bes ya riga ya riƙe.

Duk mai jita a kusa ya gwada wannan. Dm7: gaɓa ta 5 a tsirkiya ta biyar, ta 3 a ta huɗu, ta 5 a ta uku. Don komawa G7, a bar F inda take a tsirkiya ta huɗu, a sauke C ta tsirkiya ta uku gaɓa ɗaya ta zama B, a kai tushe gaɓa ta 3 a tsirkiya ta shida. Don sauka kan Cmaj7, B ta tsaya, F ta sauka gaɓa ɗaya ta zama E, tushe ya dawo gaɓa ta 3 a tsirkiya ta biyar. A kowane mataki, ban da tushe, murya ɗaya ce ta gusa, kuma da ƙyar ta gusa. Wannan tafiya ta kod uku ita ce ƙashin bayan waƙoƙin jaz masu ɗimbin yawa, ga ta kuwa a ƙarƙashin yatsu uku.

Freddie Green ya zauna a ƙungiyar Count Basie daga 1937 har rasuwarsa a 1987, yana kaɗa bugu huɗu a kowane awo, galibi da sautuka uku, wani lokaci ɗaya tak ake ji sosai. Kusan bai yarda ya fito gaba ya yi kiɗan kaɗaici ba, amma a kansa ƙungiyar ta jingina. Django Reinhardt kuwa gobara ta lalata masa yatsu biyu na hagu a 1928, ya sake gina kiɗansa a kan abin da ya rage. Mu da muka tashi da kukuma da garaya bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba. Ɗan Maraya Jos ya cika fage da kuntigi mai tsirkiya ɗaya. Kunnenmu ya saba bin murya guda yana lura da ƙaramin motsinta, kuma wannan kunnen ake bukata a nan. Abin takaici, yaranmu na ajiye shi a ƙofa idan suka ɗauki jita, suna zaton yawan tsirkiya shi ne gwaninta.

Za a ce mene ne haɗinmu da kiɗan Amurka, alhali makaɗan goge na ƙarewa a hannunmu. Kukan gaskiya ne, mun kuma yi shi a nan. Sai dai jaz ba baƙo ba ne a ƙasar da muke zaune. Louis Armstrong ya sauka Akara a 1956, ya yi wasa tare da E. T. Mensah, kuma jitar hailaif ta Ebo Taylor cike take da irin waɗannan kod. Yaron zango da ke son a ɗauke shi aiki a otal, ko ɗakin ɗaukar sauti, ko wajen biki, da waɗanda suka san wannan ilimi zai yi gogayya. Idan ya riga ya zaɓi jita, hana shi zurfafawa ba zai mayar da shi ga goge ba.

Aikin ma ba shi da yawan da ake tsoro. Kod mai sauti huɗu yana da zama huɗu. Idan aka koye su a rukuni uku na tsirkiyoyi huɗu masu maƙwabtaka, siffa 12 ke nan, kuma kowace ana iya jan ta sama ko ƙasa ta ba da kod na wani tushe. Ba mu ba da shawarar a haɗiye su a mako ɗaya ba. A ɗauki waƙa guda, a tsare hannu cikin gaɓa huɗu ko biyar, a hana shi fita, a nemo kowane kod a wurin, ana rera muryar sama da baki. Waƙar ma ba dole ta zama ta Amurka ba. Wadda ake yi wa amarya a unguwarku ta isa: a sa amonta a tsirkiyar sama, a nemo sautuka biyu da za su zauna ƙarƙashinsa ba su danne shi ba.