Jinin da Muke Tsoro da Wanda Muka Ƙyale

Kwanan baya a nan Garki aka hana wani saurayi mai ilimi da ladabi auren 'yar wani gida, wai don kakansa mahauci ne, kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Alhali gidan nan ne ya aurar da babbar 'yarsa ba gwajin jini, maigidan yana cewa ciwo da lafiya na Allah ne.

Ya kai mai karatu, dubi wannan bahaguwar fahimta! Abin da kimiyya ta tabbatar ana gado ta jini shi ne irin su sikila: in miji da mata duka AS ne, kowane ciki na da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Shi ya sa Jihar Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024. Amma tun da aka kammala karanta ƙwayoyin halittar ɗan Adam a 2003, ba a tsinci ƙwayar sata ko ta rowa ba. Jini kan karkata ɗabi'a, ban musa ba, sai dai ba ya yanke mata hukunci.

Addinin da muke fakewa da shi ma bai goyi bayanmu ba. Da hali gadon dole ne, ina ma'anar hisabi? Ɗan Annabi Nuhu ya ƙi shiga jirgi, Annabi Ibrahim kuwa cikin masu bautar gumaka ya tashi.

Jikan maigidan dai yana kwance asibiti, ana nema masa jini, kuma ba wanda ya tambayi sana'ar kakan mai bayarwa.