Maigadin Da Muke Wucewa Ba Sallama

Yau rubutun zai ɗan yi tsawo, a yi mini haƙuri.

Makon jiya na kai ɗiyar yayana makaranta, wata babbar makaranta a nan jiharmu ta Kabi wadda ba sai na kama suna ba. Mun isa bayan magariba. Yarinya ta shiga da kayanta, ni kuma na tsaya bakin get ina jiran wanda zai kawo mini saƙo. Nan na zauna kan benci da wani dattijo maigadi. Kayan aikinsa duka na gan su a gabansa: tocila, gora, usur rataye a wuya, sai wata tsohuwar waya da aka ɗaure da roba. Na ce, "Baba, in wani abu ya taso cikin dare, wa kake kira?" Ya yi dariya ya ce, "Yallaɓai, in akwai kati in kira oga. In babu, in busa usur in kira Allah."

Na yi dariya tare da shi, amma har na dawo Dalijan maganar ba ta bar ni ba. A bayan wannan dattijo akwai ɗiyan mutane ɗaruruwa suna kwana.

Mu ma'aikatan gwamnati mun san inda abin ya samo asali. A zamanin Obasanjo, lokacin gyaran aikin gwamnati, aka ce ƙananan ayyuka irin su shara, gadi da masinja a fitar da su daga jerin ma'aikata a ba 'yan kwangila. Hujjar ita ce rage kashe kuɗi. Manyan makarantu da yawa sun bi wannan hanya. A da maigadi ma'aikaci ne mai fayil, mai ƙarin girma, mai fansho. Yanzu a wurare da dama yaron kamfani ne. Hukuma ta biya kamfani, kamfani ya cire nasa, abin da ya rage shi ne na mai kwana a sanyi. Gwamnatin tarayya ta sa mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024, Kabi ta ce 75,000. Dattijon nan ya faɗa mini abin da yake karɓa, wallahi bai kai rabin wannan ba, kuma wani lokaci sai wata biyu sun haɗu. Na sha ganin takardun biyan irin wannan kwangila a wurin aiki. Ana duba ko kamfani ya kawo rasit, ba a taɓa kiran maigadi ɗaya a tambaye shi nawa ya shiga hannunsa ba. Har da ni cikin masu wannan laifi, ban cire kaina ba.

Na san abin da wasu za su rubuta a ƙasa: "To maigadi mai gora me zai yi wa mai AK?" Gaskiya ne, ba zai yi komai ba, kuma bai kamata a sa ran ya yi ba. Doka ma ba ta yarda masu gadin kamfanoni su riƙe bindiga ba, hukumar Sibil Difens ce ke ba kamfanonin lasisi tana sa musu ido. A Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri, ranar 17 ga Yunin 2021, akwai 'yan sanda masu makami, duk da haka aka kashe ɗaya aka kwashi ɗalibai da malamai, wasu 'yan matan sai da suka kusa shekara biyu a daji. Idan mai bindiga bai tare ba, ba mai gora zai tare ba.

Amma aikin maigadi ba faɗa ba ne. Aikinsa gani da ji, da faɗa da wuri. Shi ya san wane ɗan kabu-kabu ne na unguwa, wane ne baƙo. Shi ya san mai shayin da ya kafa tebur jiya-jiya yana yawan tambayar ina ɗakin kwanan mata yake. Shi ya san inda katanga ta faɗi tun damina, da hanyar da makiyaya ke ratsawa, da daren da karnukan ƙauye suka yi haushin da ba su saba ba. Shugaban makaranta bai san wannan ba, babban jami'in tsaro da ke ofis da fanka bai sani ba. Masu satar mutane ba sa faɗowa daga sama, sai sun yi kwanaki suna leƙe, kuma mutum na farko da zai iya lura da mai leƙe shi ne wanda ke zaune a ƙofa. Dattijon nan ya ce mini, "Mu munka san kowa nan, amma wa za ya tambaye mu?" Ya ce ya taɓa kai rahoton wasu baƙin fuska, aka ce masa ya koma bakin aikinsa, ya cika tsoro.

Ku duba Maga, ƙaramar hukumar Danko/Wasagu, ranar 17 ga Nuwamban 2025. Makarantar sakandare ce, na sani, amma darasin ɗaya ne. An ɗauki 'yan mata 25, an kashe mataimakin shugaban makarantar, Malam Hassan Makuku, Allah Ya jiƙansa. Gwamna Nasir Idris da bakinsa ya ce an janye sojojin da aka kai wurin jim kaɗan kafin harin. Da suka tafi wa ya rage? Malamai da maigadi. An harbi maigadin, daga baya ya rasu. Ina tambayarku tsakani da Allah, mutum nawa cikinmu suka riƙe sunansa? Mutum nawa suka tambayi halin da iyalinsa ke ciki?

Manyan makarantu ma ba su tsira ba. Kwalejin gandun daji ta Afaka a Kaduna, Maris 2021, ɗalibai 39. Jami'ar Greenfield wata guda bayan nan, inda aka kashe ɗalibai biyar a hannun masu garkuwa. Sai Jami'ar Tarayya ta Gusau a Satumban 2023, da ta Dutsin-Ma a Oktoban shekarar. A waɗannan biyun na ƙarshe akwai abin lura: ba cikin makaranta aka shiga ba, gidajen hayar ɗalibai na waje aka bi. Wato inda babu ko mai gorar.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kabi, wadda aka kafa a 2013, mazauninta na dindindin yana kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, fili ne mai faɗi. Ga jami'ar Aliero, ga Waziri Umaru a Birnin Kabi, ga kwalejin Adamu Augie a Argungu, ga ta Dakingari. Ɗiyanmu na Gwandu da Kalgo suna cikin kowace, wasu a hostal, da yawa a gidajen haya. Alhamdu lillahi yankinmu ya fi wasu kwanciyar hankali, amma bayan abin da Lakurawa suka yi a Mera ta ƙaramar hukumar Augie a Nuwamban 2024, ba wanda zai ce abin yana da nisa.

Kuma a bar ma maganar 'yan bindiga. A dare ɗari, casa'in da tara ba su ne matsalar ba. Yarinya ce ciwon ciki ya murɗe ƙarfe biyun dare. Hita ce aka manta a soket aka kawo wuta katifa ta kama. Maciji ne a banɗaki, ko samari sun kaure da faɗa, ko wani mai mota ya zo ɗaukar ɗiyar mutane a lokacin da bai dace ba. Duk wannan maigadi ne farkon zuwa. An taɓa nuna masa yadda ake buɗe tukunyar kashe gobara? Yana da lambar direban motar asibiti? Galibi an ba shi yunifom ne kawai an ce ga get nan.

Gwamnatin tarayya ta fitar da shirin kuɗin kare makarantu na 2023 zuwa 2026, sama da naira biliyan 144, an kuma buɗe cibiyar kula da tsaron makarantu a hedikwatar Sibil Difens a Abuja. Madalla. Sai dai cibiya a Abuja ba ta gani da idonta, sai wani ya kira ta. Wanda zai fara kiran kuwa shi ne wanda ba shi da kati a waya. Kuɗin taron bita guda a otal zai saya wa masu gadin makaranta sukutum oba-oba da fitila mai hasken rana.

Akwai wani gefen da ba a son faɗa. Mutumin da ya san duk sirrin wuri, ka bar shi da yunwa da bashin wata biyu, ka buɗe ƙofa da hannunka. Duk mun san yadda masu ba 'yan bindiga bayanai suka addabi Zamfara da Katsina. Ba ina zargin masu gadi ba ne, mafi yawansu mutanen kirki ne masu tsoron Allah, shi ya sa ma abin bai fi haka lalacewa ba. Amma ba a gina tsaro a kan haƙurin talaka kaɗai. Su ma suna da nasu: akwai mai barci tun ƙarfe goma, akwai mai karɓar na goro ya buɗe wa wanda bai kamata ba, akwai mai takura wa ɗalibai mata. Irin wannan a kore shi. Sai dai da wuya ka hukunta wanda kai ma ba ka biya shi haƙƙinsa ba.

Abin da nake roƙon shugabannin makarantunmu bai da tsada. In za a ba da kwangilar gadi, a rubuta a yarjejeniya nawa ne zai shiga asusun kowane maigadi, a kuma riƙa ganin shaidar banki kafin a biya kamfani wata na gaba. A ɗauki 'yan garin da suka san daji da mutane, a haɗa su da sarakuna da 'yan banga da ofishin 'yan sanda mafi kusa. Rahoton maigadi a rubuta shi a littafi, a sa wanda zai amsa, ko da ya zama ba komai ba ne. Masu gidajen hayar ɗalibai kuma, kuna karɓar kuɗin shekara cif, haɗa kai ku ɗauki maigadi layi-layi bai fi ƙarfinku ba.

Mu iyaye ma da namu. Muna shiga da mota mu danna masa ham kamar bawanmu, ɗiyanmu suna gani suna koya. Na ga ɗalibin da bai kai jikan dattijon nan ba yana ce masa "kai maigadi" don ya nemi katin shaida.

Kafin in taso na karɓi lambarsa, na ba shi tawa, na tura masa kati. Na kuma ce wa ɗiyar yayana duk safiya in za ta wuce ta gaishe shi ta kira shi Baba. Jiya ya kira ni, ba don wata matsala ba, wai ya gaya mini ya gan ta ta fito laccar safe lafiya lau.