Girgizar Ƙasa Ba Ta Turawa Kaɗai Ba Ce

'Yan uwa marubuta, akwai wata kasala da muka mayar ado. Da zarar bala'i ya shigo labarinmu, sai mu rubuta "ƙaddara ta riga fata", mu sa jaruma kuka, mu rufe babi. Wanda ya rage siminti a bulo, da wanda ya sa hannu a takardar ginin, duk mun sallame su.

Za a ce mana girgizar ƙasa ba tamu ba ce. To, a Satumban 2016 ƙasa ta motsa a Kwoi ta jihar Kaduna, a Satumban 2018 ta motsa a Mpape cikin Abuja har mutane suka fito daga gidajensu a guje. Ƙanana ne, mun yarda. Amma ta Accra a 1939 ta kashe mutane, ta Maroko kuma a 2023 ta ci rai kusan 3,000, galibi a ƙauyukan dutse masu ginin ƙasa irin namu.

Garin da ya shirya, aikin da ba ya burge kowa yake yi. Japan ta tsananta dokar gini a 1981, kuma kowace 1 ga Satumba yara suna atisayen shiga ƙarƙashin tebur, don tuna girgizar 1923. Birnin Meziko yana da jiniyar da ke kuka daƙiƙu kaɗan kafin ƙasa ta motsa. Akwai filin taruwa, akwai ruwan ajiya, akwai sunan kowa a rubuce.

Wannan na ƙarshen shi ne ciwonmu a bakin tafkin Kainji. Ranar 26 ga Mayu 2021 jirgin ruwa ya taso daga jihar Neja zuwa Wara a Ngaski, ya nutse da mutane fiye da 150. Kwanaki ana tsamo gawa ana gardamar adadi, domin ba a rubuta masu shiga ba. Garin da bai ƙirga fasinjan jirgi ɗaya ba, yaya zai ƙirga waɗanda gini ya danne a Yelwa cikin dare? Wa zai san gidan da za a fara tonawa?

Kuma kada a kawo mana zancen tawakkali. Mai raƙumi ma an ce ya ɗaure shi tukuna. Iyayenmu da aka tayar daga garuruwansu saboda dam ɗin da aka gama a 1968 sun ga yadda hukuma ke ƙirga gida-gida idan ta so. Ashe an iya.

Saboda haka a wannan makon ba ma son labarin kuka. Ku rubuto mana magini da ya ƙi zuba dakin ba rodi, ko sarkin jirgi da ya tsaya a mashiga da biro da littafi yana mayar da fasinja, ana zaginsa.